Hajiya Zubaida da Zaman Mirkat

Idan ana maganar yara a unguwar Longsight da ke Manchester, Hajiya Zubaida ba ta jiran a ba ta dama, karɓe zancen take yi. Kuma tana da gaskiyarta. Duk shekarun aikinta a ɗakin haihuwa ta yi su, daga Kano har Manchester, kuma da yawa cikin samarin da ke durƙusa mata a kasuwa yanzu, da hannunta ta karɓe su. Jaririn da ya ƙi barci, da wanda ya ƙi nono, in an miƙo mata shi laƙwas yake yi. To sai Allah ya haɗa ta da jikanta na fari, Ishaq, yaron da bai cika shekara biyu ba, wanda in ya hango ta daga bakin ƙofa yake tsandara ihu har maƙwabta su ji.

Ƙiwa ce da shi ta gaske. Uwarsa Shifa, 'yar Hajiya ta fari, a Birmingham take zaune da mijinta Sa'id, a wani gidan bene a Sparkbrook. Sa'id likita ne, rabin rayuwarsa a asibiti yake yin ta. Ita kuwa Shifa a jami'a take aiki can Edgbaston, kuma aikin nata Hajiya ba ta taɓa bayyana wa ƙawayenta shi ba tare da ta ja tsaki ba. Wasu ƙananan dabbobi take bincike a kansu, mirkat, dangin tunku, masu zama a ramuka a hamadar Kalahari da ke kudancin Afirka. Tun kafin a haifi Shifa masana ke bin dabbobin nan zuriya bayan zuriya. Sun san uwar kowa da kakar kowa, sun san wanda ya yi gadi da wanda ya ciyar da ɗan da ba nasa ba. Shifa ta shiga cikinsu tana budurwa, ta yi shekaru tana bin garke guda, ta dawo ta yi duhu, takalmanta cike da rairayi. Hajiya dai “ɓerayen Shifa” take ce musu.

Wata ranar Asabar cikin bazara Shifa ta zo Longsight da labari. An neme ta ta koma hamada na 'yan watanni, da zarar ganye ya fara zuba, don a lokacin dabbobin ke haihuwa. 'Ya'yan da ta san ranar da suka fara leƙowa daga rami sun girma, yanzu su ne masu reno, kuma abin da ta yi shekaru tana jira ta gani ke nan. In ba ta je ba, wani za a ba garken da aikin baki ɗaya. Ba a zuwa da yaro wurin, ga macizai, ga asibiti da nisa.

Hajiya ta ji daɗi har ta kasa ɓoyewa. “To mene ne abin damuwa? Dama yaye a gidan kaka ake yin sa. Ki kawo mini angona ki ajiye ki kama hanyarki. Zai yi kukansa ya gaji ya haƙura. Haka aka yi mana duka, ga mu nan ba mu mutu ba.”

“Umma, I can't,” in ji Shifa. Ishaq na maƙale a wuyanta, ya juya wa kakarsa ƙeya. “Ba zan iya hawa jirgi da ihunsa a kunnena ba. Sa'id yana night shifts, nursery kuma ba ta kwana da yaro. In bai saba da ke ba kafin lokacin, zan ce musu su ba wani kawai.”

Hajiya ta san 'yarta, kuma ta san inda ta gaji taurin kai. In ta ce za ta fasa, to fasawar za ta yi. Duk tsakin da take ja a kan ɓeraye, ba ta so a ce yarinyar nan ta rasa aikin da ta ƙona fatarta a kai saboda jika ya ƙi kakarsa.

Sai ta tashi haiƙan. Ta sayo mota mai jiniya, ta sayo alewa, ta yi masa rawa awarwaronta na ƙara, ta sure shi ta ɗaga sama tana kiransa maigida. Duk abin da ta yi, ihun ƙaruwa yake. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne mijinta, Alhaji Musbahu, injiniya mai ritaya, wanda ke zama a kujerarsa da jarida bai ce da kowa kanzil ba. Tana ji tana gani Ishaq ya sauka daga jikin uwarsa, ya yi tattaki, ya jingina da gwiwar tsohon yana wasa da igiyar takalminsa.

“Alhaji, me ka ba yaron nan?”

“Ni? Ban ma san yana nan ba.”

“Mutumin da bai taɓa canza wa ɗansa ƙunzugu ba! Wannan ai cin fuska ne.”

Shifa ta yi dariya har da riƙe ciki. “That's exactly it, Umma. Abba bai kula shi ba, shi ya sa. Haka muke yi da mirkat.” Ta gyara zama ta yi bayani. Sabon garke ba a zuwa gare shi kai-tsaye. Daga nesa mutum yake zama, kullum da irin kaya guda, ba ya kallonsu, ba ya motsi da sauri. Duk sa'ad da zai iso ko zai motsa, sai ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, iri guda kullum, don su san shi ne dai na jiya, ba abin tsoro ba. A hankali yake matsowa. Daga baya, da ɗan marmashin dafaffen ƙwai, da ƙafarsu suke hawa sikeli a auna su. “Sai sun ɗauke ki kamar kututture, sannan za su zo.”

“Ni za ki mayar kututture? Jikana ne fa, ba ɓera ba.”

Ta faɗi haka ne don kada a ce ba ta ce komai ba. Asabar ta gaba da sassafe sai ga ta a jirgin ƙasa zuwa Birmingham, da wani shuɗin hijabi da ta daina sawa, ba turare, ba awarwaro, da dafaffen ƙwai a jaka. Alhaji da ya raka ta tasha ya dube ta sama da ƙasa ya tambaya ko gidan gaisuwa za ta. Ta ce masa ya ji da jaridarsa.

A falon Shifa ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta ɗauko carbi, ta kafa wa bango ido. Sautin da ta zaɓa shi ne wanda ta riƙa yi wa jarirai a asibiti in tana naɗe su, wani ɗan gunji marar kalmomi. Zaman bai dame ta ba, shirun ne ya kusa kashe ta. Matar da ko a layin likita sai ta san sunan ƙauyen wanda ke gabanta, yau ga ta ta yi gum da bakinta, zance na taruwa a cikinta. Ishaq ya yi ihunsa na gaisuwa, ya ga ba wanda ya nufo shi, ya ruga bayan kujera. Can sai ga kai ya leƙo, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa yana ƙare mata kallo.

“Ga mai gadi ya fito,” Shifa ta raɗa. “Kar ki kalle shi, Umma.”

“Ina kallonsa ne? Da ƙeya nake gani?”

“Shh.”

Haka aka yi ta yi, Asabar bayan Asabar. Don kada shirun ya haukata uwarta, Shifa kan zauna gefe tana ba ta labarin hamada ƙasa-ƙasa. Ta gaya mata yadda suke ɗiga wa kowace dabba baƙin rinin gashi a wuri daban don a bambanta su. Ta gaya mata yadda ɗaya ke hawa tudu ya tsaya gadi sauran na tonon abinci, da yadda manya ke kawo wa yara kunama an cire mata ƙari don su koyi kamu, sai sun ƙware a kawo musu mai ƙarin. Hajiya ta yi kamar ba ta ji, har aka zo kan reno.

“Tsaya. Wai yayarsu ce ke wuni a bakin rami da yunwa? Uwar fa?”

“Uwar ta bi garke neman abinci, ai ita ke shayarwa. Mai renon har ramewa take yi, muna gani a sikeli.”

“Kuma ba 'ya'yanta ba ne?”

“Ƙannenta ne. Wani lokaci ma 'ya'yan 'yar uwarta.”

Hajiya ta jinjina kai. “Ikon Allah. To ai ɓerayen nan naki sun fi wasu mutane zumunci.”

Sannu ba ta hana zuwa. Ishaq ya daina ihun gaisuwa. Ya fara turo motarsa ta wuce ta gaban ƙafarta, ya bi ta da gudu ya ɗauke. Ranar da ya miƙo hannu ya ɗauki gutsuren ƙwai daga tafinta ya ruga, Hajiya ta koma Manchester ranta fari ƙal, ta hana Alhaji karanta jarida da labari, ta kuma kira ƙawaye ta sanar da su cewa ango ya sauko.

Wannan sanarwar ce ta ja mata. A makon aka yi suna a Sparkbrook, gidan ƙawarta Raki, wadda suka yi makarantar ungozoma tare a Kano, kuma har yau ba su daina tsokanar juna ba. Wa zai je suna da tsohon hijabi? Hajiya ta ci kwalliya, leshi mai walƙiya, ɗauri ya tashi sama, ga humra, ga awarwaro har gwiwar hannu. Falo ya cika da mata, ana ta shewa, sai ga Shifa ta shigo da Ishaq a kafaɗa.

“Zubaida, ga angon naki,” in ji Raki da ƙarfi yadda kowa zai ji. “An ce ya sauko. Ni dai gani ya kori ji. Ko dai har yanzu bikon ake yi?”

Mata suka tuntsire da dariya. Hajiya ta hango Shifa tana girgiza mata kai, amma ina, jini ya riga ya hau. Ta miƙe da kwaramniyar awarwaro, ta ratsa mutane, ta sure yaron ta ɗaga sama. Ihun da ya yi sai da jaririyar da ake wa suna ta farka ta taya shi. Ya riƙa banƙarewa yana miƙa wa uwarsa hannu, fuskarsa duk hawaye da majina. Raki ma da ta tayar da zancen sai da jikinta ya yi sanyi.

Asabar ta gaba, da shuɗin hijabin da gunjin da komai, Ishaq ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Ganyen bishiyoyin kan titi ya riga ya fara ja. Shifa ta kawo mata shayi ta zauna, ba ta yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ya fi yi wa Hajiya ciwo.

“It happens, Umma. A field ma, can hamada, mutum ɗaya ya yi motsin garaje, sai a koma baya sosai. Lokacin ne kawai babu. Zan gaya musu on Monday su nemi wani.”

Hajiya ta dubi 'yarta. Murmushi take yi, amma idonta ya kaɗa. Kunya ta kama tsohuwar, da haushin kanta, wai don kada Raki ta yi mata dariya ta rushe abin da aka daɗe ana ginawa.

“Kada ki gaya musu komai tukuna. Ba ni zuwa ƙarshen wata. Kuma ki fito mini da bargo, a nan zan zauna.”

“A nan? Umma, a flat ɗin nan? Da Sa'id?”

“Na ce ki fito mini da bargo.”

Wanda ya san Hajiya ya san ba ƙaramin abu ta haɗiye ba. Matar da ko ruwa ba ta sha a gaban surukinta, yau ga ta da shimfiɗa a falonsa. Shi ma Sa'id ya shiga uku. In ya dawo daga aiki a bakin ƙofa yake cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta da raɗa, ya bi bango ya shige. Alhaji Musbahu kuwa ya bugo waya daga Manchester yana tambayar inda ake ajiye gishiri.

Kullum da safe bayan ta idar da lazimi sai ta koma gurbinta kusa da ƙofa. Hijabin ta kan wanke shi da yamma ta shanya a kan hita don ya bushe kafin gari ya waye. Ishaq ya dawo bayan kujera, daga baya ya dawo tsakiyar falo, amma ya ja wata iyaka da shi kaɗai ya san ta, ba ya ƙetarewa. Ƙwan ma sai ta ajiye a ƙasa ta janye hannu yake ɗauka. Wata ya kusa ƙarewa, Hajiya ta fara karaya.

Wata safiya Shifa ta miƙa mata kwamfuta don ta rage zaman shiru, ta kunna mata bidiyon da ta ɗauko a hamada, ta shige kicin. Wata 'yar mirkat ce mai ɗigon baƙi a kafaɗa, an bar ta da yara a bakin rami. Yaran sai ƙiriniya suke yi, wannan ya hau bayanta, wancan ya ja mata wutsiya, ita kuwa idonta na sama. Can sai wata inuwa ta gilma a kan rairayi. Mai renon ta yi ƙara, yara suka faɗa rami, saura ɗaya, wani ɗan ƙarami da ya yi nisa yana tonon banza.

“Kai, wannan ɗa da rashin ji,” Hajiya ta ce a hankali. Ta matso da fuskarta. Mai renon ta fito da gudu ta nufi yaron. “Yi sauri mana, 'yar nan! Ɗauko shi ta wuya! Shaho ne fa!”

Ta manta da falo, ta manta da Ishaq, ta manta da cewa ita kututture ce. Sai da mai renon ta cafko yaron ta faɗa rami da shi, sannan Hajiya ta sauke numfashi ta ce alhamdu lillahi. A lokacin ne ta ji nauyi a cinyarta, da ɗumi, da ƙanshin man gashin yara a ƙarƙashin haɓarta. Ishaq ne. Ya zo ganin abin da ya ɗauke wa matar nan hankali haka, ya ga ba wurin kallo da ya fi cinyarta, ya hau ya zauna abinsa. Ya dangwala yatsa a gilashin ya ce, “Again.”

Hannayenta suka yi ta ƙaiƙayin su rungume shi. Ta danne su. Ta yi ɗan gunjinta tukuna, sannan ta miƙa yatsa a hankali ta sake kunnawa. Shifa ta fito daga kicin da cokali a hannu, ta tsaya cak ta toshe baki. Sa'id ya turo ƙofa ya dawo daga aiki, matarsa ta zare masa ido, ya daskare da takalmi ɗaya a hannu. Manya uku, da digirorinsu, ba mai ƙwaƙƙwaran numfashi saboda ɗan yaron da ko wando bai iya sa wa kansa ba. Ƙafar Hajiya ta yi sanyi ta mutu, wayarta ta yi ta ruri a jaka, hawaye ya gangaro mata har haɓa, duk ba ta motsa ba. Sun kalli shahon nan ya zo ya wuce har ba ta san iyaka ba, kafin yaron ya jingina kansa da ƙirjinta ya kama wasa da carbinta.

Daga ranar abu ya warware. Ya yarda ta ba shi abinci, ya yarda ta yi masa wanka, har ya fara jan hijabinta in ta yi kamar za ta fita. Suka koma Longsight gaba ɗaya, da Shifa da shi, aka yi yaye a gidan kaka kamar yadda Hajiya ta so tun farko, da kunun gyada da 'yar rigima kaɗan. Shifa ba ta ce a ba kowa garkenta ba, sai ma ta shiga neman takalman hamada da hular rana.

Ranar tafiya da hantsi Sa'id ya zuba jakunkuna a mota zai kai ta filin jirgi. Shifa ta durƙusa a bakin ƙofa ta rungume ɗanta ta daɗe. Shi kuwa hankalinsa na kan tabaran kakansa da ya samu ya ƙwace. Ya ɗaga mata hannu ya ce “Bye,” ya juya ya koma ciki.

“Ko kallona bai yi ba,” in ji Shifa.

“Ba abin da kika nema ke nan ba? Tashi ki tafi kada jirgi ya bar ki. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da sa'a. Ki gaishe mini da mai ɗigo a kafaɗa, in tana raye.”

Shifa ta yi dariya cikin kuka, ta rungume uwarta, ta shiga mota. Hajiya ta tsaya har suka sha kwana suka hau Stockport Road, sannan ta rufe ƙofa.

Ba a jima ba Ishaq ya yar da tabarau. Ya leƙa kicin, ya leƙa bayan labule, ya je ƙofa ya bubbuga da tafin hannu yana kiran uwarsa. Da ya ji shiru, leɓensa ya fara rawa, ya ɓarke da kuka mai cin rai. Hajiya na tsaye a tsakiyar falo, ba ta san ko ta nufe shi ko ta ƙyale shi ba. Yaron ya juyo yana dube-dube ta cikin hawaye. Alhaji ya ajiye jarida ya miƙa masa hannu, amma ya wuce shi da gudu, ya zo ya cusa fuskarsa a zanen kakarsa, ya ɗaga hannaye sama a ɗauke shi.

Ta ɗauke shi. Kukan bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, amma a wuyanta yake yin sa, ya ƙanƙame ta da hannu da ƙafa.

“Yi kukanka, ɗan albarka,” ta ce. “Yi abinka, ina nan.”

Ta sunkuya ta juya shi baya, Alhaji ya miƙo mata zani ba tare da an tambaye shi ba, ta ɗaure goyo tamau. Ta shiga kicin ta ɗora tukunya, yana ta ajiyar zuciya a bayanta, hannunsa damƙe da wuyan rigarta.